Ƙotar da Illa Maƙeri Ya Ƙona a Faransa

In ka sauka tashar Matameye ka ce kana neman Illa maƙeri, za a tambaye ka wanne, don uku gare mu. Amma ka ce Illa Labirnak, ko akuya ka tambaya za ta nuna maka hanya da ƙaho. Labirnak ɗin nan sunan wani ɗan ƙauyen manoma ne can ƙasar Faransa. A nan in mutum ya hau jirgi ya dawo, Alhaji ake ce masa. To shi Illa jirginsa arewa ya yi, bai yi gabas ba, dole aka nemo masa wani sunan.

Ni taubashinsa ne, uwata da ubansa ciki ɗaya. Saboda haka duk abin da na faɗa a kansa halal ne, in ya ji haushi ya sha ruwa.

Illa gajere ne, ƙirji kamar ƙofar zaure, shekara sittin da 'yan kai. Ciwonsa ɗaya tun yana yaro: ba ya iya ganin abu a lalace ya wuce. Mun taɓa zuwa gaisuwar mutuwa Tsauni, liman yana addu'a, ƙofar zauren tana ƙiƙi-ƙiƙi in iska ta taɓa ta. Kafin a shafa fatiha Illa ya ciro ƙofar, ya kwantar da ita a cinya yana miƙe mata ƙarfe. Da yana zuwa cin rani Kano kuwa, maigidan da ya ba shi wurin kwana yana da wani kwaɗo a ƙofa, shekara goma ba ya kamawa. Illa ya gyara shi, ya danna, ya kama ƙas. Ashe makullin ya ɓata tun kafin a haifi 'ya'yan gidan. Ranar maigida da iyalinsa a titi suka ci abincin rana.

Abu ɗaya ne a duniya Illa bai taɓa gyarawa ba, shi ne masabarsa, gudumar ƙira da ya gada. Ta kakansa Shekara ce, ta zo hannun ubansa Mahamadu, ta zo nasa. Ƙotarta icen ƙirya ce, ta yi baƙi wuluk, ta yi santsi kamar an shafa mata man shanu, kuma daidai inda babban yatsa ke zama ta lotsa, ta yi ɗan rami. Ba wanda ya sassaƙa ramin nan, hannu uku ne suka cinye icen. Matarsa Sa'a ta ce ran da gobara ta kama gidan, Allah ya kiyaye, masaba zai fara fitarwa, sannan ya dawo ya tambaya ko an ga Sa'a.

Yadda aka yi ya je Faransa kuwa, wata ƙungiyar masu noman rake da albasa ce a wajen Ɗan Barto take abota da mutanen Labirnak. Su Turawan kowace shekara suna yin bikin sana'o'in da, a hura tsohuwar maƙerar garin, a nuna wa baƙi yadda kakanni suke yi. Sai maƙerinsu na ƙarshe ya mutu, ɗansa kuma yana birni, ko ƙusa bai iya bugawa ba. Suka aiko: ko akwai maƙerin da har yanzu da wuta da hannu yake aiki? Aka ce akwai, har ya yi yawa. Aka haɗa shi da shugaban ƙungiya da Nasiru sakatare, wanda ya yi lakwal, wato boko, shi ne tafinta. Masabar dai Illa ya ƙi tafiya da ita. Ya ce jirgin da ke ɓatar da akwatin minista ba zai ba shi amanar Shekara ba.

In Illa yana ba da labarin Labirnak sai ka riƙe ciki. Wai mutum ɗari da tamanin ne a garin, shanu dubu, yaro kuwa bai ga ko ɗaya ba sai a hoto jikin bango. Kwalta har ƙofar garken shanu. Mutum ɗaya a kan tarakta, yana sauraron rediyo, ya nome gonar da in a nan ne sai duk mutanen garin Icirnawa sun fito gayya. Amma abin da ya fi ɗaure masa kai, kayan kirki da aka ajiye ba a aiki da su. Ga wurin wanki na dutse, ruwa garau yana gudu, ba mai wanki, an jera furanni. Ga tanderun burodi na gari, sau ɗaya a shekara ake hura shi. Ga garmar shanu lafiyayya a tsakiyar hanya, an shafe ta da jan fenti, motoci suna zagaya ta kamar ana mata ɗawafi.

Duk wanda ya nuna sai ya ce, "Nasiru, wannan fa?"

Nasiru ya ce, "Fatirimwan ne, Kawu. Kayan gado."

"To gadon ba a mora?"

"Kallonsa ake."

Illa ya ce, "Allah mai iko. Mu da muka gaji jaki, da mun sani ai da mun shafa masa fenti."

An sauke shi gidan wani tsoho mai suna Farnan, manomi ne da ya ajiye noma, shekara saba'in da takwas, gashin baki kamar tsintsiyar laushi, da matarsa Odet. Mutanen nan sun yi wa Illa abin da ko ni ba zan yi masa ba. Ɗakin ɗansu suka ba shi. Kaza mai rai Odet take nemowa don ya yanka da hannunsa. Farnan ya sa gilashi ya nemo masa alƙibla a salula, ya manna takarda a bango. Har wani cuku suka kawo masa, na alfarma wai, wanda Illa ya rantse in ka ajiye shi a Matameye ungulun Zinder za su zo gaisuwa. Ya cinye tas, yana hawaye yana godiya.

To ka san al'adarmu. Mai sana'a in ya sauka gidan mutum ya ci tuwonsa, ba ya tafiya sai ya bar hannunsa a gidan. Magini ya toshe tsagar bango, wanzami ya yi wa maigida aski, maƙeri ya wasa wuƙaƙe. In bai yi ba, ya ci abincin banza ke nan. Illa ya zagaya gidan Farnan yana neman abin gyara, babu. Wuƙaƙen Odet suna aske gashi. Ƙofofi shiru kamar an yi musu magani. Ya murɗa famfo, lafiya lau. Kwana uku hannunsa yana ƙaiƙayi, kaza kuma tana ta shiga.

Shi Farnan shi ke riƙe da makullin gidan tarihin garin, wani tsohon ɗakin ajiyar ciyawa ne manne da maƙerar, an rataye kayan noman da a bango, kowanne da 'yar takarda. Tun ranar farko ya zagaya da su. Da suka zo gaban wani ƙaton lauje, irin nasu mai tsawon mutum da ake kamawa da hannu biyu, tsohon ya tsaya ya yi ta magana, ya yi ta magana, har yana shafa ƙotar. Nasiru a lokacin matarsa ta kira shi daga gida, kunne ɗaya a salula. Da Illa ya ce me yake cewa, sai ya ce, "Wai na kakansa ne." Magana ta minti goma, kalma huɗu ta zama.

Illa kuwa abin da idonsa ya gani: tsatsa ta ci ƙarfe, baki da giɓi sai ka ce haƙorin tsohuwa, ƙota duk ƙwari sun huda, an ɗaure da waya. Tausayi ya kama shi. Ya ce a ransa, bayin Allah, ga shanu ga kwalta, amma laujen kaka ya lalace an rasa mai gyarawa.

Rana ta huɗu, jajibirin biki, bayan an ci abincin rana Farnan ya ɗauki Nasiru da shugaba a mota suka tafi birni ɗauko gawayi. Aka bar Illa shi kaɗai yana gwada wutar maƙera, ƙofar gidan tarihi a buɗe.

Kai ma ka san sauran.

Ya sauko da laujen. Ya kwance wayar, ya buge ƙotar ta fita. A maƙera ruɓaɓɓiyar ƙota makamashi ce, kowa ya san haka, ya karya ta a gwiwa ya tura wuta. Ya gasa bakin, ya buga giɓin ya haɗe, ya bi shi da magagari, ya wasa, ya goge. Ya samo wani lafiyayyen ice a bayan ɗaki ya fere sabuwar ƙota. Awa uku. Ni ban ga laujen ba, amma Nasiru ya ce in ka duba kana ganin fuskarka har da abin da ka yi niyya. Illa ya mai da shi bango, ya lulluɓe da tawul, ya zauna yana murmushi kamar ango.

Da suka dawo ya kamo hannun Farnan ya kai shi gaban bango, ya yaye tawul.

Tsohon ya cire gilashi, ya goge, ya mayar. Sai ya laluba bayansa, ya zauna a kan buhun gawayi.

Illa ya ce, "Nasiru, ka ga murna ta hana shi magana."

Nasiru ya ce, "Kawu, me ka yi?"

"Gyara mana. Makaho ne kai?"

Farnan ya yi tambaya a hankali. Nasiru ya ce, "Wai ina tsohuwar ƙotar?"

Illa ya nuna wuta. Har da ƙari: "Ka ce masa ta ci da kyau, busasshiya ce."

Nan fa Farnan ya sake ba da labarin da ya bayar ranar farko, wannan karon Nasiru ya kashe salula. Ashe kakan nasa yana yankan ciyawa da laujen nan ranar da aka buga ƙararrawar coci ana kiran maza yaƙi. Ya firgita, laujen ya sari dutse, shi ne giɓin. Ya dawo gida ya rataye shi, ya ce in ya dawo ya gyara. Bai dawo ba, ko kabarinsa ba a sani ba. Matarsa ta hana kowa taɓa giɓin har ta mutu. Ƙotar kuma, wurin riƙo biyu, hannun mutumin ya cinye icen ya bar gurbi. Farnan bai taɓa ganin kakansa ba. Tun yana ƙarami yakan hau kujera ya sa hannunsa a gurbin nan, iyakar gaisawarsu ke nan.

Illa ya gaya mini maganar giɓi ba ta shige shi ba, don shi a wurinsa giɓi aibi ne ko na wane ne. Amma da aka zo kan gurbin hannu, sai ya ji babban yatsansa na dama ya yi sanyi.

Da tsohon nan ya zage shi, da ya samu sauƙi. Bai zage shi ba. Ya tashi ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Mersi, Illa." Ya shiga gida ya ɗauko wata 'yar kwalba, ya durƙusa bakin wuta da cokali yana ɗibar toka.

Washegari aka yi biki. Illa ya ƙera musu fartanya da wuƙa, Turawa suna tafi suna ɗaukar hoto, Odet ta ƙara nemo kaza. Ya ce bai ji tafin ba, kazar ma kamar audugar katifa.

Bakin Nasiru kuwa ba ya riƙe ko ruwa. Kafin akwatin Illa ya iso Matameye labari ya riga shi. Mu kuma me muke jira? Cha'ibu mai shayi ya jera fasassun kofunansa ya ce kada wanda ya taɓa, fatirimwan ne. Wanda babur ɗinsa ya mutu a hanya sai ya ce ba mutuwa ya yi ba, tarihi ya zama. In Illa ya doso majalisa sai a ce, "Jama'a a ɓoye tsofaffi, ga mai gyara nan, yanzu ya sa musu sabbin ƙafafu!" Ni da kaina na aika masa da tsohon takalmina a kan faifai, da 'yar takarda.

Illan da in ka faɗa masa ɗaya sai ya rama goma, shiru. Ya ɗauki masaba zai yi aiki, sai ya tsaya yana kallon ƙotar har ƙarfe ya huce a kan uwar maƙera. Ƙofar masallacin unguwa ta yi wata biyu tana kuka, yana wucewa ta gabanta sau biyar a rana bai taɓa ta ba. Nan na san abin ya wuce wasa, na daina tsokanarsa. Kwana biyu cur.

Sa'a ta kai masa tuwo, ta dawo ta tarar bai taɓa ba. Ta ce, "Baban Nafisa, tuwon nan ma fatirimwan kake so ya zama? In kawo ƙusa a rataye?"

Ya ce, "Sa'a, shekara hamsin ina gyara. Ki gaya mini yadda ake gyara toka."

Ta ce, "Ni sabulu na san ana yi da ita. Ka ci abinci."

Shekara ta zagayo, lokacin sanyi, sai ga labari Turawan Labirnak za su zo ganin lambuna, har da tsoho Farnan. Illa ya share maƙera, abin da bai taɓa yi ba tun da aka haife ni, har aka gano wani awartaki da ya ɓata tun Nafisa tana goye. Sa'a ta ga yana juya masaba a hannu, ta gane akwai magana.

"In ka ba Baturen nan masabar Shekara, da me za ka yi ƙira? Da goshinka?"

"Ƙarfe ba ya zuwa ko'ina."

"To me ke zuwa?"

"Ki dai yanka kaza."

Ranar da suka zo, rabin unguwa yana bakin rumfar maƙera, wai kowa ya zo karɓar fartanyarsa. Farnan ya sauko daga mota da malafa a kai, rana ta mai da shi ja kamar tattasai. Suka rungume juna, suka yi ta gaisuwa, wannan da Hausa wannan da Faransanci, kowa yana amsa abin da ba a tambaye shi ba. Sai Illa ya kamo Nasiru ta wuyan riga.

"Kai, yau kalma ɗaya ka haɗiye, sai na cire maka kai na sa sabo. Ina salular?"

"Na kashe, Kawu."

"Ba ni ita."

Ya sa ta aljihu, sannan ya ɗauko masaba ya miƙa wa Farnan. Ya gaya masa ta Shekara ce, ta Mahamadu ce, tasa ce. Ya nuna masa ramin yatsa. Tsohon ya juya ta yana gyaɗa kai, yana cewa kai, wannan abu ne mai daraja, a kula da shi. Illa ya karɓa, ya ɗora ta a kan uwar maƙera, ya saita wani guntun ƙarfe a kan ƙotar, ya ɗaga wata guduma.

Wallahi ban san tsoho ɗan kusan tamanin yana tsalle ba sai ranar. Farnan ya daka tsalle, malafa ta faɗi, yana ihu, "No! No! No!" Ya riƙe hannun Illa yana kiran jama'a. Nasiru, da yake an ce kada ya haɗiye komai, ya juyo ya ce mana, "Wai ku riƙe shi, zai sake!"

Wa zai riƙe Illa? Bugu biyu, ƙota ta fita. Kan masabar ya mirgina gefe. Illa ya ɗauki ƙotar, ya goge ta da bakin rigarsa, ya miƙa da hannu biyu.

Ya ce, "Gaya masa. Ni a sanina ƙarfe shi ne kaya, ice abin canzawa ne, haka aka koya mini. Ga shi kuma kullum hannuna yana cikin na ubana ban lura ba sai a garinku. Na ƙona hannun kakanka, ba ni da wani in ba ka. Wannan na kakana ne, da na ubana, da nawa. Na san ba zai zama naka ba. Amma ka kai shi ka rataye kusa da laujen, kada bangon ya zauna ba kowa."

Nasiru ya juya maganar tsaf. Farnan ya ce a'a, ba zai iya karɓa ba. Ya sake cewa a'a. Nasiru ya raɗa masa cewa a nan in ya ƙi na uku, gara ma ya mari mutumin gaban jama'a. Sai ya karɓa. Ya laluba da babban yatsa har ya faɗa ramin, ya tsaya haka. 

Can sai tsohon ya share ido ya yi wata magana, Nasiru ya fashe da dariya kafin ya fassara. Wai bayan tafiyar Illa, 'yan kwamitin gidan tarihi sun yi zama uku suna gardama ko laujen har yanzu kayan gado ne ko ya zama sabo. Da ya gaji da su sai ya sauko da shi ya je bayan coci ya gwada a ciyawa. "Har yau in na tuna raina yana ɓaci, Illa. Amma ciyawar Labirnak ba ta taɓa shan wuya irin ta bana ba."

Illa ya ce, "Ka ce masa ya riƙa shafa wa laujen mai."

Aka ci kaza.

Da yamma ya fere sabuwar ƙota, ita ma ta ƙirya. Kwana uku tana cizonsa, hannu ya yi bororo, mutum da jikoki sai ka ce ɗan buro mai aikin ofis da aka ba fartanya. Sa'a tana shafa masa man kaɗe tana cewa Allah ya ƙara. Ranar Juma'a kuma aka ji ƙofar masallaci ta yi shiru. Sai dai yanzu in ka kai masa gyara, kafin ya taɓa sai ya tambaye ka, "Akwai wanda ya mutu ya bar hannu a jiki?" In ka ce babu, ya ce ka rantse.

Bayan wata biyu hoto ya shigo salular Nasiru, ya kawo maƙera muka taru a kai. Ga bango, ga lauje yana walƙiya, ga 'yar kwalbar toka a kan katako, ga baƙar ƙota a rataye, ƙarƙashinta takarda an rubuta Shekara, Mahamadu, Illa, Matameye. Illa ya karɓi salular ya kai ta kusa da ido, ya nisanta, ya sake kawowa. Ya daɗe. Muna jira, ni har na fara neman inda zan goge ido.

Ya ce, "Nasiru, kira shi. Ƙusar da suka rataye ta a karkace take."